Faifan da kamfani ya ce bai nuna ba

A farkon shekarar 1975 wani faifan waƙa ya isa hannun manyan kamfanin faifai na Columbia a Amurka. Suka saurara, suka dubi juna. Abin da kunnensu ya ji bai yi musu kama da aikin da aka gama ba. Sun ɗauka gwaji ne, irin wanda mawaƙi kan ɗauka shi kaɗai don ya nuna yadda waƙa za ta tafi kafin a tara makaɗa a yi na gaskiyar. Murya ce guda, da jita, da fiyano can a baya kamar daga ɗakin maƙwabta, sai ganga da ake taɓawa a hankali kamar ana tsoron tada mai barci. Suka nemi a mayar da shi situdiyo a ƙara masa kaya. Mai faifan, Willie Nelson, mutumin jihar Texas, ya ce babu abin da za a ƙara. Ba su kuwa da yadda za su yi da shi, domin takardar da suka sa wa hannu ta bar masa ikon yanke magana a kan duk abin da zai fito da sunansa. A watan Mayu faifan ya shiga kasuwa yadda ya kawo shi, da suna Red Headed Stranger, wato Baƙo Mai Jan Gashi.

Kafin a gane abin da ya tsorata su, sai an san irin kiɗan da suka saba sayarwa, kuma a nan mu ba baƙi ba ne. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu a zamanin kaset ya ji kiɗan kantiri, ko da bai san sunansa ba. A layinmu akwai wani tela da ba ya fara ɗinki sai ya kunna rikodarsa. Kaset ɗin ya tsufa har an ɗaure shi da salatif. Idan zaren ya cakuɗe, sai ya zaro biro daga bayan kunne ya naɗe shi, ya mayar, ya ci gaba da taka keke. Muryar Jim Reeves ce ke fitowa, mai laushi kamar an shafe ta da man shanu, wata rana kuma Don Williams ko Dolly Parton. Turancinsa bai yi nisa ba, amma ya san daidai inda waƙar take yin baƙin ciki, don a wurin yakan rage gudun keken. Na daɗe ina ɗaukar wannan laushi a matsayin ainihin kiɗan mutanen karkarar Amurka. Sai daga baya na fahimci cewa laushin Jim Reeves a birni aka ƙera shi, da gangan, kuma kasuwa ce ta sa.

Kiɗan kantiri na farko, wanda aka soma ɗauka a faifai cikin shekarun 1920, na manoma ne da masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa na kudancin Amurka. A 1927 wani wakilin kamfanin faifai mai suna Ralph Peer ya kafa na'urarsa a garin Bristol na jihar Tennessee, ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalan Carter, kuma daga nan ne da yawa ke fara lissafin tarihin wannan kiɗa. Kayan aikin kaɗan ne: goge, da jita, da banjo, wadda asalinta ke komawa ga kayan kiɗan tsirkiya da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da iliminsu a ka. Daga baya aka ƙara wata jita da ake kwantarwa a riƙa goga mata ƙarfe, tana fitar da sauti kamar kuka. Wannan shi ne kiɗan Hank Williams, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru Elvis Presley da sabon kiɗan matasa suka kwashe kasuwa. Gidajen rediyo suka fara juya wa kantiri baya. Sai manyan furodusoshi biyu a birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wato Chet Atkins na kamfanin RCA da Owen Bradley na Decca, suka nemo mafita. Suka cire gogen ƙauye da jita mai kuka, suka kawo gungun masu goge irin na manyan ɗakunan kiɗa, da 'yan amshi masu taushin murya. Manufar ita ce mai shago a birni da matar gida a bayan gari su saya ba tare da jin cewa kiɗan 'yan ƙauye suke saurare ba. Dabarar ta yi aiki, ta ceci sana'ar mutane da yawa, kuma ita ce ta tsallako teku ta iso shagon telan layinmu.

Sai dai dabarar ta zo da tsarinta. Mawaƙi ba ya shiga situdiyo da makaɗansa, waɗanda suke yawo tare suna kwana a mota. Akwai wasu ƙwararru 'yan kaɗan da ke kaɗa wa kusan kowa, a zama na awa uku, a fitar da waƙoƙi uku ko huɗu, a tashi, wani ya shigo. Furodusa ne ke zaɓen waƙa, shi ke zaɓen makaɗa, shi ke cewa an gama. Ba na cikin masu raina abin da wannan tsari ya haifar. Waƙar Crazy da Patsy Cline ta rera a 1961 a hannun Owen Bradley daga cikinsa ta fito, kuma har gobe tana tsaye. Wanda ya rubuta ta kuwa shi ne Willie Nelson.

A nan ne labarinsa yake da ciwo. An haife shi a 1933 a ƙauyen Abbott, kakanninsa ne suka rene shi tare da yayarsa Bobbie. Kakan maƙeri ne, shi ya saya masa jita ta farko yana ɗan shekara shida. Ya tsinci auduga a gona, ya yi waƙa a coci, ya yi aikin gabatar da shiri a rediyo, sannan ya isa Nashville a 1960. Cikin ƙanƙanin lokaci waƙoƙin da ya rubuta suka yi tashe a bakin wasu. Amma da ya ce shi ma zai rera, sai abin ya ƙi. Muryarsa siririya ce, tana ɗan bi ta hanci, kuma ba ya bin ganga sau da ƙafa. Wani lokaci sai ya bar ta ta wuce, ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya cim mata a ƙarshen baiti. Makaɗan da suka saba da tafiya a kan layi ba su san yadda za su bi shi ba, furodusoshi kuma suka yi ta lulluɓe muryar da goge da amshi ko za ta yi kama da ta sauran. Ya fitar da faya-fayai fiye da goma a RCA, babu wanda ya kai shi inda waƙoƙinsa suka kai wasu.

Gidansa da ke wajen Nashville ya ƙone, ya tattara ya koma Texas. A 1972 ya zauna a Austin, babban birnin jihar, inda ya tarar da abin da Nashville ba ta san da shi ba. A wani zauren kiɗa mai suna Armadillo, 'yan jami'a masu dogon gashi da makiyaya masu malafa, waɗanda a waje ba sa ga maciji da juna, suna zama wuri guda su saurare shi, da makaɗansa na kansa, da salonsa yadda yake. Ya yi faifai biyu da kamfanin Atlantic a 1973 da 1974, kamfanin ya rufe sashensa na kantiri, sai Columbia ta neme shi. Manajansa Neil Reshen ya tsaya kai da fata sai an rubuta cewa ikon aikin na Nelson ne. Wannan layi guda a takarda shi ne uwar duk abin da ya biyo baya.

Tunanin faifan a mota ya zo. Yana dawowa daga Colorado tare da matarsa ta lokacin, ana hira a kan me zai kai wa sabon kamfani, sai ta tuna masa wata tsohuwar waƙa da yake sakawa a shirinsa na rediyo a Fort Worth cikin shekarun 1950, yana kuma rera wa 'ya'yansa idan za su yi barci. Waƙar wani baƙo ce mai jan gashi da ya shigo gari a kan baƙin ingarma, yana jaye da wani doki da babu kowa a kai, dokin masoyiyarsa da ta mutu. Wata mace ta kai hannu za ta kama dokin, ya harbe ta, kuma aka sallame shi, domin a shari'ar wancan wuri da wancan zamani ba a rataye mutum a kan wanda ya zo satar dokinsa.

Abin lura a nan shi ne, waƙar da ta yi kama da wadda aka gada daga kaka da kakanni ba ta wuce shekara 22 ba a lokacin. A 1953 aka rubuta ta, kuma ba makiyayi ne ya rubuta ba. Edith Lindeman, 'yar jarida a birnin Richmond na jihar Virginia, ita ta tsara baitocin, wani ma'aikacin rediyo Carl Stutz ya sa musu kiɗa. A waƙar ba a faɗi abin da ya kashe masoyiyar ba. Nelson ne ya zauna ya tambayi kansa: wane ne wannan mutum, me ya faru da shi kafin ya iso garin? Amsar da ya bayar ita ce ta mayar da waƙa ɗaya ta zama faifai. Ya ce mutumin mai wa'azi ne, a shekarar 1901. Matarsa ta bar shi ta bi wani. Ya bi sawunsu har ya same su a wata mashaya, ya harbe su duka biyun. Dokin da yake ja, na matar da ya kashe da hannunsa ne.

Yadda ya gina labarin shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina. Kaɗan ne daga cikin waƙoƙin ya rubuta da kansa, musamman wadda ke buɗe faifan tana dawowa lokaci lokaci kamar mai ba da labari yana gyara zama. Mafi yawan sauran tsofaffi ne ya tono, na mutane daban daban, waɗanda ba a rubuta su don su haɗu ba. Ya jera su yadda kowace za ta ɗauki ma'ana daga wadda ta gabace ta. Misali mafi ƙarfi shi ne Blue Eyes Crying in the Rain, wadda Fred Rose ya rubuta, mutumin da ya riƙe hannun Hank Williams a sana'a, Roy Acuff kuma ya rera ta tun cikin shekarun 1940. Ita kaɗai, waƙar rabuwar masoya ce, wani yana tuna idanun wata da fatan su haɗu a lahira. Amma a faifan tana zuwa ne nan da nan bayan harbin. Babu kalmar da aka ƙara mata don ta dace da labarin, duk da haka wanda ke rera ta yanzu mai kisan kai ne, idanun da yake tunawa kuma shi ya rufe su. Ranar da na fara jin ta a mazauninta, bayan na daɗe da sanin ta ita kaɗai, sai da tsigar jikina ta tashi.

To a nan ne kalmar gargajiya take bukatar a tsaya a kanta. Idan aka ce faifan kantiri na gargajiya ne, mutum zai zaci an koma an kwaikwayi yadda ake yi a da. Nelson bai yi haka ba. Babu gogen ƙauye a faifan, babu jita mai kuka. Jitarsa ma ba irin ta makaɗan kantiri ba ce: ƙirar Martin ce mai tsirkiyar roba, irin ta masu kiɗan Sifaniya, ya same ta a 1969, ya raɗa mata suna Trigger, kuma tana cikin abin da ya shiga ya ɗauko lokacin gobarar gidansa. Da yake ba a yi ta don a kaɗa da tsinke ba, shi kuwa da tsinke yake kaɗawa, sai katakon ya yi ta cinyewa har ya zama rami a gefen bakinta, ramin da ke nan har yau, kewaye da sa hannun abokan sana'a. Salon yatsunsa kuma daga Django Reinhardt ya ɗebo, makaɗin jaz na Faransa. Abin da ya ɗauko daga magabata shi ne ɗabi'arsu: mutum ya zauna ya ba da labari da murya, kiɗa ya tsaya a bayansa yana rakiya. Wanda ya taɓa zama gaban mai kuntigi shi kaɗai ya san yadda kayan kiɗa ɗaya ke sa a kasa kunne ga magana.

An ɗauki faifan a wani ƙaramin situdiyo mai suna Autumn Sound a garin Garland kusa da Dallas, cikin 'yan kwanaki, da kuɗin da bai kama ƙafar abin da ake kashewa a Nashville ba. Makaɗan nasa ne na hanya: Bobbie a fiyano, Paul English a ganga, Mickey Raphael da ɗan abin busarsa na baki, da sauran. Aikin da ya fi ba su wuya shi ne su kame hannu. Akwai wuraren da ba ka jin komai sai murya da tsirkiya ɗaya ɗaya, har kana jin sautin yatsa yana zamewa a kan wuyan jita. Duka faifan bai fi rabin awa da 'yan mintuna ba. Wannan sarari da aka bari shi ne manyan Columbia suka ji suka ce aiki bai ƙare ba. A wurinsu gurbi ne da ya kamata a cike. Ga mawaƙin da ke jinkirta kalma yana wasa da numfashi kuwa, gurbin nan shi ne filin aikinsa, kuma shekara goma aka yi ana toshe masa shi.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, don yana damuna duk lokacin da na saurara. Mutum uku ne suka mutu a labarin, biyu mata ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka bari ta yi magana da bakinta. Mun san zafin zuciyar mai wa'azi ciki da waje, amma ba mu san me ya fitar da matarsa daga gidan ba. Ta biyun kuwa rayuwarta ba ta kai darajar doki ba a idon shari'a. Wannan ba Nelson ne ya ƙago shi ba. Waƙoƙin kisa tsohon gado ne da mutanen Ingila da Sikotlan da Ailan suka tafi da shi tsaunukan gabashin Amurka, kuma a mafi yawansu mace ce ake kashewa, namiji ne ke ba da labari. Amma kasancewarsa gado bai wanke shi ba. A rabin faifan na biyu baƙon ya isa birnin Denver, ya haɗu da wata mace, suka yi rawa, ya nemi ta bar shi ya huta a hannunta, ya samu natsuwa. Bai yi zaman kaso ba, bai biya diyya ba, bai nemi gafarar dangin kowa ba. Gafarar ta zo masa da arha, kuma ban yarda da masu cewa labarin ya warware wannan ba.

Duk da haka ban ga faifan yana yabon kisa ba, kuma dalilina yana cikin kiɗan. Da an bi shawarar kamfani an zuba goge da amshi a kan wurin harbin, da kiɗan ne zai gaya maka ka ji tausayin mai harbi, ka kuwa ji. Da yake babu su, sai aka bar ka kai kaɗai da abin da aka aikata, ana faɗa maka shi da murya a kwance kamar mai ba da shaida. Sannan a ƙarshen rabin farko akwai wata tsohuwar waƙar coci ta masu tuba, wadda duk wanda ya tashi a kudancin Amurka ya san baitocinta. Nelson bai rera ko kalma ɗaya daga ciki ba, kiɗa kawai aka yi. Ni a fahimtata, mai wa'azin da sana'arsa magana ce ya kai inda bakinsa ba zai iya furta roƙon gafara ba. Wannan wuri ɗaya ya fi mini duk wani bayani da za a yi a kan laifinsa.

Abin da ya faru a kasuwa sananne ne. Blue Eyes Crying in the Rain, wadda ba ta kai minti uku ba, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri a 1975, karo na farko da Nelson ya kai nan da muryarsa, yana da shekara 42, a faifansa na goma sha takwas. Ta kawo masa lambar Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa a Amurka, a 1976. Faifan ya sayar da fiye da miliyan biyu, an yi fim a kan labarinsa a 1986, kuma a 2010 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin sautukan da ake adana wa ƙasa. Me ya sa mutane suka karɓe shi? A ganina lokacin ya taimaka. Shugaban Amurka Nixon ya sauka daga mulki cikin abin kunya a watan Agustan 1974, yaƙin Vietnam ya ƙare a watan Afrilun 1975, wata guda kafin fitar faifan. Jama'ar da aka daɗe ana yi wa daɗin baki sun fi saurin amincewa da muryar da ba a yi wa ado ba. Akwai kuma dalili mafi sauƙi: a rediyon da kowace waƙa ke cike da goge, wadda ta zo da jita ɗaya ita ce za ta sa direba ya ƙara murya.

Nashville ba ta yi fushi na dogon lokaci ba, don ta ga kuɗi. A 1976 kamfanin RCA, wanda Nelson ya bari cikin ɓacin rai, ya tattara tsofaffin waƙoƙinsa da na Waylon Jennings da wasu mutum biyu, ya yi musu kirari da 'yan tawaye, ya fitar. Wannan ne faifan kantiri na farko da aka tabbatar ya sayar da miliyan ɗaya. Tawayen ya zama haja. Tun daga nan abin yake zagayawa: kiɗan ya yi ta ƙara ado har ya rasa kamanninsa, sai wani ya zo ya tuɓe shi, kamar yadda George Strait da Randy Travis suka yi cikin shekarun 1980, ko Johnny Cash a 1994 da ya zauna da jitarsa shi kaɗai gaban makirfo. Kowane karo ana kiran abin komawa gargajiya, kuma kowane karo sai ka tarar rigimar ta ainihi a kan wanda ke da ikon cewa an gama take.

Bobbie ta rasu a 2022, bayan ta shafe kusan shekara hamsin tana zama a fiyano a gefen ƙaninta. A rabin faifan na biyu, daidai inda baƙon ya shiga rawa a Denver, akwai wuri guda da Willie ya ja baya ya bar mata fili. Tsohon kiɗan rawa ne mai sauri, irin na fiyanon mashayar ƙauye, hannun hagu yana tsalle, na dama yana gudu. Bai kai minti biyu ba. Matar da ta koyi fiyano a hannun kakarta, ta fara kaɗawa a cocin Abbott, ita ce ke kaɗa shi, kuma nan ne karo na farko tun buɗewar faifan da za ka ji ƙafarka tana motsi.